Esin da na saya a Yiwu da fankar wajen da take tsayawa in ana ɗumama ɗaki

Salam 'yan uwa. Wannan shi ne hunturu na biyu da nake amfani da esin nan, ƙirar nan China ce, inbata, mai doki ɗaya da rabi, gas ɗin R32 take amfani da shi, tana sanyi tana kuma ɗumi. Duk wanda ya zauna Yiwu, garin kasuwanci a nan China, a watan Janairu ya san sanyin garin, sanyi ne mai jiƙa da yake shiga har ƙashi, kuma nan kudu gidaje ba su da bututun ɗumama gida irin na Beijing, to esi ɗin nan ita ce bargon kowa.

Ɗumin dai alhamdulillah ba ni da ƙorafi. In ka kunna sai ta yi shiru kaman minti 3 zuwa 5 kafin ta fara huro iska, da gangan ne wai don kar ta watso maka sanyi kafin ƙarfen ciki ya yi zafi.

Abun da ya ɗaga min hankali fankar waje ce. Wata asuba na tashi sallah naji ɗakin ya huce, injin cikin ɗaki ya daina huro komai, na leƙa ta taga naga injin waje duk bayansa ya yi fari fat da ƙanƙara kaman cikin firiza, fanka ta tsaya cak amma kwampureso nata gurnani, can kuma naji wani fuuu kaman an sace iskar taya sai tururi ya fara tashi, wallahi na ɗauka ƙonewa take yi na zare soket da sauri.

Da safe mai gyara ya zo, muka yi magana da shi ta manhajar fassara a waya. Bai karɓi ko sisi ba, abu ɗaya ya nanata min, kar in ƙara zare wuta a irin wannan lokacin. Yanda ya min bayani, in esi na ɗumi aikinta juyewa yake yi, akwai wani bawul da ke juya tafiyar gas ɗin, sai injin waje ya koma shi ne mai sanyi yana zuƙo zafi daga iskar waje yana kaiwa ɗaki. To ƙarfen injin wajen nan ya fi iskar waje sanyi, laimar da ke cikin iska sai ta kwanta a kai ta daskare har ta toshe hanyar iska. In ta taru sai na'urar ta juya gas mai zafi zuwa waje ta narkar da ita, ita kuma fanka dole ta tsaya, don in tana juyawa iska mai sanyi za ta dinga kwasowa tana ɓata aikin. Hayaƙin da na gani ashe tururin ruwa ne. Wasu esin ma suna nunawa a fuska, H1 ko dF.

Daga baya na dinga lura, tawa minti 5 zuwa 10 take yi ta gama, fanka ta tashi da kanta. Ranar da ake yayyafi ga sanyi kusan duk awa sai ta yi, ranar da gari ya bushe kuwa sai a wuni ban ji ba. Akwai kuma wata tsayawar daban, in rana ta fito gari bai yi sanyi sosai ba fankar takan rage gudu ko ta ɗan tsaya, wannan kare kanta take kar zafi ya mata yawa, balle in ragar ciki ta cika da ƙura. Na wanke ragar abun ya ragu.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wannan minti goman, ɗakin yana hucewa sosai, in da yara ko tsoho a ɗakin a ajiye bargo kusa. Sai ruwan da ke zuba daga injin waje, yana da yawa, ya dinga ɗiga kan rumfar maƙwabcina na ƙasa har saida na sa aka ɗaura tiyo. Takardar da ta zo da ita kuma duk rubutun Sinanci ne, da an yi bayanin nan yanda baƙo zai gane da ban tsorata haka ba.

Mai gyaran ya ce in kira shi idan ƙanƙara ta yi kauri ta ƙi narkewa, ko fanka ta ƙi tashi bayan an gama, wannan kam matsala ce, ko gas ya ragu ko motar fankar.

Masu cewa in loda musu irinta zuwa gida, ku sani yawancin esin da ke kasuwanninmu sanyi kawai suke yi ko da akwai alamar rana a rimot, sai an tambaya da kyau. Sanyin Kano kuma busasshe ne da wuya ku ga ƙanƙarar nan. Ni dai in zan sake saya irinta zan ɗauka, tiyon ne kawai zan sa a ɗaura tun ranar farko.