Na sayi kwafin Littafin Kels, ga abin da nig gani

Jama'a sallama. Wata uku ke nan da littafin ga yaz zo hannuna, na ƙi yin magana sai da na zauna da shi sosai. Ni dai sana'ata zayyanar allon sauka ce nan Sakkwato, gado nic ci wurin Baba, to duk inda nig ga layi ya lanƙwasa da kyau sai na tsaya. Wata rana a Facebook nig ga hoton wani shafi, na ɗauka aikin mutanen Barno ne ko Maroko, ashe Linjila ce da ruhubanawan Kirista sunka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, ana ce mata Littafin Kels. Shi ne na matsa ma ƙanena da ke karatu Ingila sai da yas sayo min bugun shi mai kala, na biya shi kuɗinai.

Asalin littafin shina Kwalejin Tiriniti a Dablin, ƙasar Ayalan. Linjila huɗu ce da Latin, ta Matta da Markus da Luka da Yahaya, ganye 340 wato shafi 680, kuma ba takarda ba ce, fata ce ta maraƙi. Masana sun ƙiyasta maraƙi wajen 185 anka feɗe. Da nif faɗa ma Baba haka sai da yay yi shiru, sannan yac ce "kai ɗana, garke guda ke nan", don shi ya san wahalar jima, ya san abin da aka sha kafin fata guda ta yi laushin da alƙalami zai bi ta. Galibin masana na ganin a tsibirin Ayona anka fara shi can gefen Sikotilan, da maharan teku 'yan Baikin sunka kashe mutum 68 a gidan ibadar a 806 sai ruhubanawan sunka koma garin Kels a Ayalan. A 1007 ma an sace shi, anka gano shi bayan wata biyu da kwana ashirin binne a ƙasa, an ɓalle murfin zinaren an tafi da shi.

To bugun da nis saya fa, inda yab burge ni shi ne sun ƙara girman wasu shafuka har kana iya bin layi guda da ido. Akwai shafin da anka rubuta haruffan Girkanci na farkon sunan Almasihu, wallahi na fi sati a kanshi. Igiya ce ke shiga ƙarƙashin wata ta fito ta haye wata, sama ƙasa sama ƙasa, na ɗauki tsinke ina bi ina jiran in kama inda mai zanen yar ruɗe, ni dai idona bai kama ba, har idon ya fara ruwa. Baba ne da gilashin karatunai yag gano wasu mussoshi biyu can ƙasa da kusa (ɓeraye) kewaye da su, biyu daga cikin kusan na jan wani abu mai kama da waina, gefe kuma wata dabbar ruwa riƙe da kifi a baki, duk abin bai kai kan yatsa biyu ba a asalin. Yac ce "wanga mutum ba sauri shikai ba". Kuma abin da mutane ba su yarda in na faɗa, babu zinare ko ɗigo a shafukan, rawayar da ke walƙiya daga wani dutse mai guba anka niƙo ta, shuɗin daga ganye awa babanmu na marina, jan kuma daga dalma. Rubutun ma akwai kurakurai a ciki, har shafi guda an maimaita shi sai anka bi shi da jajayen alamu don mai karatu ya tsallake, wannan kam duk wanda ya taɓa rubutun satu ya san ciwon shi.

Gaskiya akwai shafukan da ni ba ni tsayawa kansu, masu hoton mutane, har da wanda sunka ce Nana Maryam ce riƙe da Annabi Isa (AS). Mu ba mu zana haka kuma ban saya don shi ba. Duk mai son saye ya san suna ciki tun kafin ya kashe kuɗinai.

Abin da yab ɓata min rai kuwa aikin masu bugawa ne. Ba duka 680 ɗin sunka sa ba, zaɓe sunka yi, kuma ba su faɗa baro-baro a bayan littafin ba. Takardar mai santsi ce ƙwarai, in ka zauna ƙarƙashin lantarki sai ta riƙa haske maka ido, dole sai da rana a inuwa. Mafi ciwo shi ne ɗinkin, gam kawai sunka shafa, hunturu na shigowa murfin yat tanƙware awa ɓawon gyaɗa, zafi na zowa ganye huɗu sunka fita daga tsakiya. Littafin da asalinai ya wuce shekara 1200 amma kwafin bai kai wata uku ba. Mu nan Alƙur'anin kakanmu warwatse yake ganye ganye cikin tadarishi da gafaka kuma har yau lafiya lau, in ka je gidan tarihi na Waziri Junaidu ma za ka ga rubuce-rubucen da sunka daɗe ƙwarai. Ƙarshe sai na kai ma wani baduku yaɗ ɗinka min gafaka ta jar fatar akuya, na zuba shi ciki.

Bayanin ciki duk Turanci ne kuma ƙanana ƙanana, ni hotunan nika bi, in na maƙale ƙanena ya karanta min ta waya. Kuɗin aiko shi ma ya kusa kai kuɗin littafin, don nauyi gare shi.

Yanzu haka akwai allon wata yarinya da za ta yi sauka bayan Sallah, ina gwada irin saƙar igiyar nan a gefen shi, sau biyu ina wankewa don a kwana ta uku layin ke ɓace min. Masu zayyana da ke cikin gari in kuna son gani ku zo bayan la'asar, amma don Allah a wanke hannu, kuma ganye huɗun nan da sunka fita ni zan riƙe muku su.