Keken dogarawa na tsofaffi: wanne za ka saya cikin 'yan Suwidin?

Daga ɗakin Babanmu zuwa masallacin unguwa bai fi taku ɗari biyu ba, amma a hanyar akwai dokin ƙofa biyu, da soron da daɓensa ya farfashe, da kwata, da yashin lungu. Tun da gwiwa ta fara ƙin ɗaukarsa, da wannan 'yar tafiyar muke auna duk abin da za mu saya masa. Sanda ta gaza. Keken guragu kuwa ko sunansa ba ya son ji. Sai ya rage keken nan mai taya huɗu da birki a hannu da wurin zama a tsakiya, wanda mutum zai tura yana tafe da ƙafarsa, in ya gaji ya danne birki ya zauna.

Asalin abin daga Suwidin ne, can suna ce masa rollator. Wata mata ce, Aina Wifalk, ta ƙirƙiro shi. Shan inna ta kama ta tana da shekara 21, tana tsakar koyon aikin jinya, ta yi shekaru tana dogara sanduna biyu har kafaɗunta suka gaji. A 1978 ta fito da zanen, aka fara ƙera shi a garin Västerås. Da gangan ta ƙi yin rajistar mallakarsa don kowa ya samu. Alheri ne babba, sai dai tun ranar ƙofa a buɗe take ga mai hannu da marar hannu, shi ya sa kasuwa ta cika da masu kama da juna.

Ba zan ɓoye ba, nawa shi ne Trionic Walker mai taya inci 12, na wani kamfani da ke Uppsala. Tayar ce ta saye ni. Yawancin kekunan nan tayarsu inci 8 ce ta roba daskararriya, an yi ta don siminti mai santsi da titin Turai. Ta wannan kuwa ta iska ce, kusan girman tayar keken yara. Tana hawa dokin ƙofa ba sai an ɗaga ba, ba ta nutsewa a yashi, kuma girgizar hanya ba ta isa wuyan hannun tsoho. Tayoyin gaba a haɗe suke juyawa, ba ka ganin ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma in an ci karo da dutse. Birkinsa a cikin cibiyar taya yake, ba irin mai goga bayan taya ba, don haka laka da ruwan kwata ba sa hana shi kamawa. Ranar da Baba ya fara gwada shi, ya tsallake soro ya waiwayo ya ce, "Kai, wannan ai shi yake jana." Aibinsa biyu ne: tsada, don kuɗinsa zai sayi na gama-gari da yawa, sai nauyi da faɗi. Auna ƙofar ɗaki da ta bayi kafin ka biya. Iska kuma sai an riƙa dubawa, amma mai facin bakin titi ya isa wannan.

Dolomite Jazz, wanda yanzu yake ƙarƙashin Invacare, yana naɗewa gefe da gefe ya shige but ɗin mota ko adaidaita sahu. In gidanku tayil ne kuma zuwa asibiti ne yawan fitar, ya wadatar. Volaris ma haka, mai sauƙin ɗauka, sai dai ƙaramar taya ƙaramar taya ce. Let's Go na cikin gida, ƙirar Trust Care, yana da faranti na ɗora kofi da birkin da hannu ɗaya ke ja, amma ba shi da wurin zama, kuma iyakarsa falo. Veloped, yayan Walker, na masu yawon daji ne, ba zai juya a soro ba. Ƙarfen nan mai ƙafa huɗu marar taya da ake sayarwa a bakin asibiti kuwa, ɗaga shi ake yi a kowane taku. Na kwanakin jinya ne, ba na zuwa jam'i sau biyar ba.

Yanzu ga inda na ƙone. Kafin wannan, na sayi wani a shagon kayan asibiti. Yana ƙyalli, an manna masa tutar Suwidin shuɗiya mai rawaya, an rubuta da Turanci wai zanen can ne. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, ga tuta nan kana gani, wannan ɗan asali ne." Bai cika wata biyu ba wayar birkin dama ta tsinke, Baba yana gangarowa bakin kwata bayan Magariba. Keken ya juya da shi. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu ce kawai ta kurje, amma ya yi sati uku yana salla a ɗaki don tsoro.

Tun daga nan ba na kallon tuta. Kifa keken ka duba jikin ƙarfen. Na gaske yana da takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar wannan keken shi kaɗai, da lokacin ƙira, da alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, da iyakar nauyin wanda zai hau, galibi tsakanin kilo 125 da 150. In babu adireshi, ajiye musu kayansu. "Zanen Suwidin" kalma ce da kowa zai iya bugawa a kwali. Sannan ka danne birkin ƙasa har ya yi ƙas, ka zauna da kanka, ka tokare ƙasa da ƙafa ka tura baya. In ya motsa ko kaɗan, to da tsoho zai motsa. Bi wayar birki da yatsa ka ji ko ta fara warwarewa, ka duba walda a inda ƙarfe ya haɗu. Mai tsatsa da aka fesa wa fenti yana da kurji-kurji a ƙarƙashi. Ka tambayi mai kaya ko yana da wayar birki ta canji. Amsarsa za ta gaya maka ko ya san abin da yake sayarwa.

Na gwanjo ba laifi ba ne, namu ma na hannu ne, ƙanena da ke karatu can ya samo a Blocket, kasuwarsu ta intanet. Amma a sani, a Suwidin hukumar lafiya aro take ba mutane irin waɗannan kaya, likitan gashin ƙashi ya rubuta, in an gama a mayar. Wanda ke ɗauke da lambar hukuma a manne, a tambaya da kyau, don mai yiwuwa ba na mai sayarwar ba ne. Kuma kada ka tura wa baƙo kuɗi a kan hoto kawai. A sa wani ya je ya taɓa birkin.

In ya iso, a sa mai shi ya tsaya da takalminsa, ya saki hannuwa, a daidaita mariƙin da wuyan hannunsa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a fara ganin likitan gashin ƙashi, don birki biyu hannu biyu yake so. A kuma ja wa jikoki kunne: ba a tura mutum yana zaune a kai. Namu sun gwada da junansu a tsakar gida, yanzu Baba a bayan gadonsa yake kwana da shi.