Tsohon da ya tashi garmahon kakana a Tudun Wada

Akwatin ya fi shekara 30 a ƙarƙashin gadon Hajiyarmu, tsakanin tsofaffin kwanukan jere da wata fitilar ƙwai da ba ta da ƙwan. Kakana ma'aikacin reluwe ne a nan Kaduna, kuma a hannun wani Bature da zai koma gida ya saye shi. Baƙi ne, da maratayi a gefe kamar akwatin tafiya, in ka buɗe murfin za ka ga hoton karen nan da ya karkata kai yana saurare a bakin ƙaho. Ƙirar kamfanin HMV ne na Ingila, samfurin da suka sa wa lamba 101, wanda suka fara fitarwa a 1925 har zuwa 1931 da 102 ya gaje shi. Ke nan ko sanda kakana ya saye shi, ya riga ya sha jiki.

Bara da muke gyaran ɗakin na jawo shi, na ba shi wani, wato na murɗa ƙarfen da ake wana shi da shi, na ɗora faifai. Ya yi juyi kaɗan, sai wani abu ya buga "gum" daga ciki har akwatin ya girgiza, muryar mawaƙin kuwa kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya juya shi gaba da baya yana neman inda ake sa batir, da bai samu ba sai ya tsiyaya masa baƙin mai ta ramin ƙarfen wani, ya karɓi kuɗinsa. Man ya bi ya jiƙa ƙyallen farantin da ake ɗora faifai a kai, gum ɗin kuma na nan daram. Rashin sani ya fi dare duhu, amma laifina ne da na kai masa.

Wani tela a Kasuwar Barci ne ya yi min kwatancen Baba. Mai gyaran agogo ne da keken ɗinki, a wani lungu cikin Tudun Wada, shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Babu allo, babu suna. Agogunan bango sun kai goma a rataye, kowanne da nasa lokacin, guda ɗaya tak ke faɗin gaskiya, shi ne wanda ke saitin kansa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na tura akwatin gabansa. Bai buɗe ba sai da ya sunkuya ya shinshina.

"Wa ya shayar da shi baƙin mai?"

Na ce, "Baba, kuskure aka yi."

"Kuskure kam. Ɗana, wannan ba janareto ba ne."

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukundireba ba sai da ya saurara. Ya wana, ya ɗora faifai, ya rufe ido. Kafin a kai rabin waƙa ya lissafa min cuta uku: giris ya daskare a gidan sifirin ɗin da ke juya faifai, robar kai ta bushe, iska kuma na zurarewa ta gaɓar wuya. Kai shi ne ɗan kewayayyen ƙarfen nan da ake ɗaura wa allura, wuya kuma bututun da ke riƙe da shi.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, don haka bakina ya ƙi zama shiru. Na shiga ba shi tarihi: Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar a Amurka a 1877, a kan wani gangan ƙarfe da aka naɗe da fallen kuza, allura tana nutsawa tana tasowa. Shekara 10 bayan nan Emile Berliner ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe, wanda tsagarsa ke karkacewa hagu da dama maimakon sama da ƙasa. Baba ya bar ni na kai aya, sannan ya miƙo min madubin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya ce in kalli faifan. Shekarata 19 ina zana wa ɗalibai igiyar sauti a allo, amma ranar na fara ganinta da idona: siririyar tsaga tana tafiyar maciji, inda kalangu ya buga da ƙarfi ta yi lanƙwasa mai faɗi, inda mawaƙin ya sassauta ta kusa miƙewa. Gani ya kori ji, na ja bakina na tsuke.

Aikin kan nan shi ne inda kuɗina suka halatta, kuma a gabana ya yi shi. Ya kwance sukurori, ya fito da wani kewayayyen falle mai sheƙi da ake gani ta cikinsa. Maika ne, dutsen nan mai ɓarewa falle-falle kamar albasa. Baba "tantani" yake ce masa, kuma sunan ya dace, don aikinsa ɗaya da tantanin kalangu. Allura na bin tsaga tana rawa, rawar ta hau wani siririn ƙarfe da aka kafa a kan maƙalli, ɗaya bakin ƙarfen kuma a ɗaure yake a cibiyar tantanin. Maƙallin ya fi kusa da allura, saboda haka ɓangaren allura gajere ne, na tantani dogo, kamar jigon masu lambu: ƙaramin motsi a gajeren gefe ya zama babba a dogon. Babu waya, babu lantarki. Duk ƙarar da za ta cika ɗaki daga ƙarfin da sifirin ke jan faifai a ƙarƙashin allura take fitowa, wato daga hannunka da ya yi wani.

Robar da ke riƙe gefen tantanin ta zama kamar busasshiyar taliya, yana taɓawa tana marmashewa. Ita ce mai kukan ƙudan zuman. Dole gefen ya zauna cikin abu mai laushi, ya riƙu ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, ya kuma samu damar numfashi. Baba ya jawo wani gwangwanin madara, ya zaro siririyar robar bawul ɗin keke, ya auna, ya yanka a karkace don bakin biyu su haɗu ba rata, ya kwantar da zobe ɗaya a ƙasa, tantani a kai, wani zoben a sama. Na ɗan yi tsaki a raina, don na ga ana sayar da robar da aka yi musamman don wannan aiki a intanet. Sai dai kafin ta iso daga Turai an yi wata guda, kuɗin aikowa kuma ya ninka kuɗinta. Ta keken ta yi aiki. Shi da kansa ya gaya min ba za ta yi ƙarkon ta asali ba, bayan 'yan shekaru sai an sake.

Daga nan ya gutsuri kakin zuma kamar ƙwayar gero, ya ɗora a kan ɗan sukurun da ke cibiyar tantanin, ya ɗumama bakin waya a wutar ashana ya taɓa, kakin ya narke ya toshe wurin. Ya kafa baki a bayan kan ya zuƙa a hankali. Ya ce in iska ta wuce, rabin muryar ta wuce. Maƙallin ma sai da ya daidaita shi: in ya yi sako-sako sai kakkarwa, in ya ɗaure da yawa sai murya ta shaƙe. Ya fi minti 20 a kan wannan kaɗai, yana ɗan karta bakin allurar da babban yatsa yana kai kunne.

Ƙahon kansa ba a ganinsa, a naɗe yake cikin akwatin, ya zagaye injin ya buɗe baki a baya ƙarƙashin murfi, murfin kuma ya turo sautin gaba. Amfaninsa na sani tun a aji, amma kwatancen Baba ya fi nawa. Ya ce tantani shi kaɗai kamar mai tuƙa tuwon biki da tsinken sakace ne, yana motsi amma tukunya ba ta san yana yi ba. Bututun da ya fara a tsuke yana buɗewa sannu a hankali shi ke ba shi muciya. Shi ya sa kakaki ke da tsawo, shi ya sa kuma 'yar ɓula a gaɓar wuya ke cinye kaurin murya ta bar ka da tsiwa. Giris mai kauri ya shafa a gaɓoɓin, magana ta ƙare.

Sifirin kuwa bai bar ni na tsaya kusa ba. Ƙarfe ne mai faɗin kusan inci ɗaya, tsawonsa ya haura ƙafa 10, a nannaɗe cikin gwangwanin da bai fi tafin hannu ba. In ya kuɓuce yana iya tsinke yatsa. Cikin buhu ya zare shi, a bakin ƙofa, ya wanke da kananzir. Tsohon giris ɗin ya zama kamar kwalta, shi ke manne naɗin da juna, sai ƙarfi ya taru su ɓalle lokaci guda, shi ne gum ɗin da nake ji. Baƙin man mai rediyo ko kusa da wurin bai je ba.

Akwai kuma gwamna, haka sunansa yake har a bakin makanikai. 'Yan dunƙulen ƙarfe uku ne a kan siraran fallaye, in gudu ya ƙaru sai su buɗe, buɗewar ta jawo wani ɗan faranti ya goga da ɗan guntun fata, gudun ya ragu. Fatar ta bushe ƙamas, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Da zai saita gudun sai ya saƙala 'yar takarda a ƙarƙashin faifai ta leƙo, ya sa yatsa tana bugunsa, idonsa a kan agogon nan mai gaskiya. Bugu 39 a rabin minti, wato 78 a minti. Na gwada da manhajar waya da na koma gida, bai kauce ba.

To, ga inda zan rage masa maki. Ya ce min kwana 4, aikin ya ci mako 3. Ba ya ɗaga waya, in ka je kuma ka tarar ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure, yaron maƙwabcinsa ya ce ka dawo bayan La'asar. Sau 5 ina hawa Keke Napep zuwa lungun nan. Ɗaya daga sukurorin allon injin ya ɓace a shagon, ya maye shi da wani fari fes na keken ɗinki wanda ke tsone min ido duk sanda na buɗe murfin. Ƙyallen farantin da mai ya ɓata ma bai taɓa ba, ya ce shi ba tela ba ne, in koma Kasuwar Barci. Ga faɗa. In ba ka jure a yi maka faɗa kamar ɗan firamare a gaban mutane, aiki yaro ya kai masa.

Faɗan da ya fi yi min a kan allura ne. A ɗan aljihun da ke kusurwar akwatin akwai allurai sun kai 50, duk kakana ya yi amfani da su, ni kuma da su nake ta gwaji. Baba ya juye su a tafin hannu ya watsa cikin gwangwanin shara. Allura ɗaya, fuskar faifai ɗaya, in ji shi. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Faifan garmaho da wani irin ƙaro ake yinsa, wanda ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a cakuɗa shi da garin dutse. Da gangan aka sa garin, don ya ci bakin allura ta zauna daidai cikin tsaga, allurar ta lalace a madadin faifan. Kan yana da nauyi, ya haura giram 100, duk a kan tsinin nan. Kafin waƙar minti 3 ta ƙare bakin ya riga ya yi kaifi a gefe kamar kurfi, in ka maimaita da ita sai ta shiga sassaƙar waƙar. Na ce ko zai wasa min su, tunda ga dutsen washi a gabansa. Kallon da ya yi min ya ishe ni amsa. Ya kuma ja min kunne kada in kuskura in ɗora faifan roba na zamanin baya, masu juyi 33 ko 45, don allurar ƙarfe za ta huɗe su kamar garma.

Naira 30,000 ya nema, muka daidaita a 25,000, ya ƙara min da wani ɗan gwangwanin allurai da ya ce ya fi shekara 40 a durowarsa, irin mai cin 200, saura kamar rabi. Sirara ne, masu sanyin murya. Masu kauri sun fi ƙara amma sun fi cin faifai. A ganina kuɗin bai yi yawa ba, don ban san wani a garin nan da zai zare sifirin ɗin ya mayar da yatsunsa goma cif ba. Wanda ke da irin wannan akwati a gida, ko ya gaji keken ɗinki ko agogon bango mai wani, ya shiga layin teloli a Kasuwar Barci ya tambayi tsoho mai gyaran agogo, za a nuna masa. Masu garmahon ado mai ƙaton ƙahon tagulla da ake kawowa daga Indiya da tambarin karen a jiki kuwa, kada su wahalar da kansu. Na ga wani ya kawo, Baba ya leƙa ciki ya ce tarkacen injuna ne aka harhaɗa, ya mayar masa da abinsa.

Ranar Juma'a da daddare, ba wuta, na ajiye shi a tsakar gida na ɗora wani faifan goge daga cikin 11 da suka tsira ba tsagewa. Akwai shuu ɗin allura a ƙasa, wannan ba mai raba shi da shi, amma muryar ta fito da kauri har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Hajiya ta ce in ɗan rage, na ce ba shi da wurin ragewa, sai ta tashi ta ɗauko tsohon ɗankwali ta cusa a bakin ƙahon, ta ce haka mahaifinta yake yi in sun yi barci. Ƙaramin ɗana ya zagaya bayan akwatin yana neman waya. Allurai 87 suka rage, na ƙirga, don haka na kafa doka: faifai biyu a mako.