Na'ura ko ido: wanne ya fi gina matashin ɗan besbol?

Tun da MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta kafa Statcast, na'urar bin diddigin ƙwallo da 'yan wasa, a filayenta a 2015, har ɗan sakandare a Amurka yana auna saurin ƙwallon da ya doka da kusurwar tashinta. Na'ura kan tona aibin da idon koci bai kama ba. Sai dai mai son doka ƙwallo sama kullum yakan yawaita dukan iska. A 2018, karon farko a MLB, yawan masu dukan ƙwallo da aka fitar da kuskure uku ya zarce yawan dukan da ya yi nasara, kodayake masu jifa ma sun ƙara sauri.

A Jamhuriyar Dominika kuwa yara na buga vitilla, wani salon besbol, da sandar tsintsiya da murfin gorar ruwa. Murfin na karkacewa a iska, dole ido ya bi shi. Ga ɗan shekara 12, wannan na zaɓa.