Na'urar duba matsalar mota: ta Bluetooth ko ta hannu, wacce za ka saya wa Corolla ɗinka?

Ɗan uwa da ka ce wutar cek injin ta ƙi mutuwa a Corolla 2007 ɗinka, kuma ka gaji da biyan kuɗi duk lokacin da aka jona mata kwamfuta a gareji, kana so ka sayi taka mai sauƙin kuɗi amma ka rasa tsakanin 'yar ƙaramar nan ta Bluetooth da wacce ake riƙewa a hannu mai waya da allo. To ni duka biyun sun ratsa hannuna, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko motarka ba matsala, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da OBD2, wato tsarin da na'urar ke bi ta karanta kwamfutar mota, ta Turai mai fetur kuma daga 2001. Leƙa ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwarka za ka ga soket mai rami 16, nan ake jonawa.

Ta Bluetooth ɗin ita ce ake kira ELM327, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, kuma ita ce mafi araha, sau da yawa ba ta kai dala 15 ba. Ba ta da allo, wayarka ce allonta, sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Abin da ya sa nake sonta shi ne ba lambar matsala kawai take ba ka ba, kana ganin injin yana aiki kai tsaye, zafin ruwa, juyin injin, yadda kwamfutar motar ke ƙara mai ko rage shi, har da zane kana tafiya yana motsi. Amma fa akwai gyara, kusan duk na kasuwa kwaikwayo ne, ainihin kamfanin da ya ƙirƙiro ta na Kanada ne kuma bai ma taɓa fitar da sigar v1.5 ba, wacce ita ce ta cika ko'ina. Abin dariya kuma a cikin jabun, v1.5 mai cif PIC18F25K80 ta fi waɗanda aka rubuta wa v2.1 aiki nesa ba kusa ba. Ni ta farko da na saya a hannun wani mai kayan waya, fitila na kamawa, waya na ganinta, amma mota ta ƙi amsa mata, na yini ina cirewa ina mayarwa kamar mahaukaci. In za ka iya ƙara kuɗi kaɗan nemi Veepeak ko Vgate iCar Pro ka huta. In iPhone gare ka kuma dole ta zama mai Wi-Fi ko BLE, wato sabuwar Bluetooth mai cin wuta kaɗan, tsohuwar Bluetooth ɗin nan ba ta haɗuwa da ita. Kar ka bar ta a jone in za ka ajiye mota kwanaki, soket ɗin yana da wuta ko an cire makulli, za ta riƙa lasar batir a hankali.

Ta hannu kuwa, irin su Ancel AD310 ko Autel MS309, kamar dala 20 zuwa 40. Ba ruwanta da waya, ba caji, daga motar take shan wuta. Ka jona, ka murɗa makulli zuwa ON, ka danna, lamba ta fito, shikenan. Ko Baba ka miƙa wa zai iya. Sai dai allon ƙarami ne kuma bayananta ba su kai na waya yawa ba, MS309 ma kusan karantawa da gogewa ne kawai aikinta.

Ga inda mutane ke cin karo: duka biyun injin suke karantawa. In wutar ABS ta birki ko ta jakar iska ce ta kama, ta hannun nan ba za ta ga komai ba, ta Bluetooth ma sai a wasu motoci da manhaja ta musamman. Wannan sai irin Launch CRP123 mai ganin injin, giya, ABS da jakar iska, ita kuma ta haura dala 100, ba ajinsu ɗaya ba.

Kuma don Allah lamba ba ta nufin je ka sayo kaya. P0301 cewa take silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, ko filogi ne, ko koyil, ko nozul, kai za ka bincika, ka sauya koyil ɗin da na silinda ta biyu, in lambar ta koma P0302 ka kama ɓarawo. P0420 kuma, wadda ke cewa indomin salansa mai tace hayaƙi ba ya aiki daidai, motocinmu da yawa suna da ita tunda an kwashe shi tuntuni. Ni tawa P0171 ta nuna, wato iska ta yi wa mai yawa, wani bakanike ya rantse famfon mai ne, har ya faɗi kuɗi. Da na duba a waya na ga a tsaye kwamfuta na ta ƙara mai, da na taka totur sai ya daidaita, alamar iska na shiga ta wani wuri ke nan. Ashe robar iskar nan ce da ke tsakanin matatar iska da injin ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Da MS309 ce a hannuna ranar da tuni na biya kuɗin famfo.

Shi ya sa ni dai a Corolla da wayar Android, ta Bluetooth mai kyau zan ce ka ɗauka. In kuma ka san ba ka da haƙurin haɗa waya da manhaja, AD310 ta ishe ka, tana nuna bayanan kai tsaye ita ma.

Kafin ka goge komai ɗauki hoton lambar tukuna. Kuma duk ranar da za ka raka wani sayen mota 'yar Kwatano tafi da ita, ka duba I/M readiness, wato jerin gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta, in ka ga yawancinsu ba su kammala ba to ba a daɗe da goge wuta ko cire batir ba, sai ka ce a ba ka makulli ku ɗan zaga gari kafin a yi maganar kuɗi.