Jama'ar Gombe a yi hattara da mai tallan tabar lofe a Facebook

Salam jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutun saboda kunya, don na san wasu da sun ga kalmar taba za su fara min wa'azi kafin su kai layi na biyu, to na ji na karɓa, amma dan Allah ku bari in gama tukun. Ni ko sigari ban taɓa sawa a baki ba wallahi. Maganar Bappana ce, ƙanin mahaifinmu, shi ya riƙe ni tun ina firamare a Jekadafari, yanzu ya haura saba'in. Tsohon ma'aikacin reluwe ne tun lokacin da jirgi ke ratsa Gombe ya wuce Maiduguri, a wurin aikin nan ya koyi zuƙar lofe hannun wani ogansu, kuma har yau abin bai sake shi ba duk da faɗan likita da faɗan Goggo da nasihar limamin unguwa.

Matsalar ita ce shekara biyun nan maƙogwaronsa ba ya ɗaukar ganye mai yaji. Ganyen gida da ake yanko masa daga kasuwa da ya ja sau biyu sai tari, ido ya yi ja, harshe ya yi masa zafi kamar ya kurɓi shayi bai huce ba. Kullum yana min labarin wata ta gwangwani da ya saba sha a da, mai laushi, ba ta kartar wuya. Ni kuma da rawar kai na ce bari in ba tsoho mamaki.

Haka na faɗa hannun mutumin nan. Shafi ne a Facebook, hotunan gwangwanaye jere a kanta gwanin sha'awa, ya rubuta wai kai tsaye daga Dubai da Jamus yake shigo da su, yana turawa Gombe, Bauchi, Yola, Jos duk inda kake. Na bi lambar zuwa WhatsApp, bakin nan nasa kamar zuma, Alhaji sama Alhaji ƙasa, ni da ko Kano sai da dalili nake zuwa. Na yi masa bayanin Bappa, ya ce "Alhaji ai ka zo gida, akwai wadda aka yi musamman don dattawa, ba yaji ko kaɗan, an cire mata nikotin, har wanke ƙirji take yi." A nan ya kamata in tsaya, taba ce za ta wanke ƙirji? Amma wanda ya riga ya ƙulla abu a ransa ba ya ji. Gwangwani ɗaya mai giram 50 ya ce 28,000, na ce biyu, da kuɗin mota 4,000, na tura 60,000 cif. Sunan da ya fito a akawun ɗin ma na mace ne, na tambaya ya ce na madam ne, nasa yana da matsalar netwok.

Kwana shida ina bin sa, yau direba ya yi faci gobe an tsare su a hanya, ranar na bakwai wani yaro ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Leda ce baƙa an naɗe da salatif. Da yamma bayan la'asar na kai wa Bappa ina ta murmushi, ya juya gwangwanin a hannu, ya ɗan taɓa murfin da babban yatsa sai ga shi ya buɗe salin alin. Ya ɗago ya dube ni ya ce "ɗana, nawa suka karɓa a wurinka?" Ban ma amsa ba ya ce an cuce ka.

Shi ya koya min abin da zan faɗa yanzu, sauran kuma na bi na karanta daga baya don haushi. Gwangwanin asali irin zagayayyen nan a tsotse iskar cikinsa ake rufe shi, murfin yana kamawa gam, sai ka sa kwabo a gefe ka murɗa ka ji ya yi fus kafin ya buɗu, ciki kuma akwai takarda da ta lulluɓe ganyen. Namu ba fus ba takarda, gefen murfin har da tsatsa, wato tsohon gwangwani ne aka tsinto aka sake cikawa. Abin da ke ciki kuwa, ganyen gida ne aka yanka da wuƙa barkatai har da jijiyoyinsa, aka jiƙa shi da ruwan ƙamshin nan na shisha yana danƙo a hannu, sannan don ƙarfin hali aka barbaɗa kanumfari da wani abu da Goggo ta shinshina ta ce masoro ne. Masoro fa jama'a, wa mutumin da na ce yaji ne matsalarsa. Bappa don ya tabbatar min ya ɗan cusa kaɗan a lofe ya kunna, abin sai tsuwa yake yana ruwa ya ƙi kamawa, ja ɗaya ya yi tari ya turnuƙe shi sai da aka kawo ruwa, ranar Goggo ba irin kallon da ba ta min ba.

Wani abin dariya abin haushi, ko da a ce na asalin ne ya turo, abin da ke rubuce a jikin gwangwanin Virginia da Perique ne, wato nau'in ganyen taban da aka haɗa a ciki. Shi Perique ɗin nan shi ne uban yaji a duk ganyen lofe. A wani yanki guda na jihar Luwiziyana a Amurka ake yin sa, St. James, ana danne ganyen a cikin ganguna da matsi mai ƙarfi ya yi wata da watanni yana tsumuwa a ruwan jikinsa har ya yi baƙi, ɗanɗanonsa barkono-barkono, shi ya sa kaɗan ake sawa a haɗi kamar yadda ake sa daddawa a miya. Kun ga ke nan mutumin bai ma san abin da yake ƙaryar sayarwa ba, ya ga gwangwani mai kyau ya ɗauka.

Tunda na sha wahalar karatun bari ku ma ku amfana, ko don ku iya ƙure irinsu da tambaya. Virginia ganye ne mai zaƙi-zaƙi saboda sukarin da ke cikinsa, da zafin bututu ake busar da shi a rumbu, ba shi da yaji sosai amma in ana ja da sauri yana ƙona harshe. Burley a iska ake shanya shi, sukari kaɗan ne, ba ya kartar harshe kamar wancan sai dai nikotin ɗinsa ya fi yawa. Cavendish kuma sunan yadda ake sarrafa ganye ne, a turara shi a danne shi har ya yi laushi, baƙin cikinsa shi ne wanda masu gudun yaji suka fi nema, kuma da na kwatanta wa Bappa ya ce to irin wannan ce yake sha a da. Latakia sunan wani gari ne na bakin teku a Siriya, ganyen da ya ci sunan garin kuma banda ake masa da hayaƙin itace, warinsa kamar ka zauna kusa da murhu, yanzu yawancinsa daga tsibirin Saifurus yake fitowa. Sai ƙananan ganyen Turkiyya da Girka da ake shanyawa a rana, su ma suna da ɗan yaji da ƙamshi mai kaifi. To duk mai ce maka yana da ta dattawa, tambaye shi wane ganye ne a ciki, in ya fara kame-kame ka san inda aka dosa. Kuma kar wani ya ɗauka talla nake, mai laushin ma taba ce, laushi a wuya kawai take da shi, nikotin na nan, kansar baki da ta maƙogwaro da ta leɓe ba ruwansu da ko ganyen daga Jamus ya zo ko daga bayan gari.

Mu koma kan ɗan damfara. Na kira shi a fusace, ga mamakina bai yi musu ba, ya hau salati yana ba da haƙuri wai yaran shago ne suka haɗa min da kayan wani, nawa na asali yana Legas kwastam sun riƙe, in turo 15,000 a fito da shi har zai ƙara min gwangwani ɗaya kyauta. Da na ce a cire daga kuɗina na farko sai ya canza salo, wai me zai hana in zama wakilinsu na Gombe gaba ɗaya, rijista 50,000 kacal, duk gwangwani ina da 5,000. Na ce ni kuɗina nake so. Ya ce "Alhaji ka kai ƙara mana, ka je ka ce musu taba ka saya." Ya yi dariya ya kashe, kafin magariba ya yi min bulok ko'ina.

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ta hana ni barci, don a kanta ya gina sana'arsa. Ya san mu. Ya san magidanci a garin nan gara ya yi asarar dubu sittin da a ji a majalisa cewa an damfare shi a cinikin taba, ya san ba mai zuwa gaban mai unguwa ko sirikinsa da wannan zancen. Kuma ya san dokar taƙaita taba ta 2015, wadda Jonathan ya sa wa hannu dab da zai sauka, ta hana sayar da taba ta intanet, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, to yana ganin kai ma da ka saya ba za ka so a tona ba. Da na cire kunya na fara yi wa abokai zancen a shagon wani mai gyaran waya, nan take mutum biyu suka ce su ma, ɗaya daga Tumfure an turo masa irin tawa, ɗaya ɗan Pantami shi ko ledar ma bai gani ba, 35,000 ta tafi, wata huɗu bai faɗa wa ko matarsa ba. Akawun ɗin da suka tura wa daban-daban ne da nawa, amma muryar da ke cikin saƙon murya ɗaya ce, har da Alhaji ai ka zo gida ɗin.

Mun haɗa rasit ɗin transfa da sikirinshot na hirarrakin mu uku, na kai wa bankina rahoto a rubuce, kuma mun shirya kai takarda ofishin EFCC na nan Gombe, ko kuɗin bai dawo ba a san da zaman akawun ɗin. Ban sa suna ko lamba a nan ba saboda sunan da yake amfani da shi na bogi ne, hoton da ke shafin ma da alama na wani bawan Allah ne aka sata, kar in ja wa mara laifi zagi. Amma alamominsa ga su nan duk na faɗa, kuɗi kafin kaya, akawun da sunan wani, ba shago ba adireshi sai dai a tasha, ba ya yarda da kiran bidiyo, da zancen an cire nikotin. Wanda ya taɓa faɗawa ya min magana ta inbos mu haɗa da nasa, ba wanda zai ji sunansa.

Bappa dai ya zubar da ganyen a bola da hannunsa, ya ce in sake kashe ko sisi kan lofensa bai yafe ba, gwangwanayen kuma Goggo ta wanke ta zuba allura da maɓallai. Shekaranjiya wancan ɗan Pantamin ya turo min wani sabon shafi, hotunan kantar nan dai ce sak, an canza suna, yanzu har da turaren wuta da zumar Yaman a jerin kayan.