Maƙerin Aboabo da ba ya taɓa zinariyar galamsey

A cikin maƙeran fari da ke aiki a zangunan Kumasi akwai wani dattijo a Aboabo wanda ya yi suna da ƙa'ida guda: ba ya sayen ɗanyar zinariya, gari ce ko dunƙule, kuma ba ya ƙera wa kowa komai da ita, ko da mai ita ya rantse cewa daga halattaccen rami ta fito, ba daga galamsey ba, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba. Aikinsa gaba ɗaya a kan tsohuwar zinariya ya tsaya, wato sarƙar da ta tsinke, ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓata, awarwaron da ya yi wa mai shi kaɗan, da kayan gado da magada ke son a narka a raba musu. Shagon ɗan ƙarami ne, babu allon suna, babu gilashin baje kaya irin na shagunan Adum, kuma daga shi sai yaransa biyu masu koyon sana'a. Na kai masa aiki, na biya, na karɓa. A ganina hannunsa yana da kyau ƙwarai, jinkirinsa yana da ban haushi, ƙa'idarsa kuwa ta isa a zauna a kanta, domin inda take da ƙarfi daban ne da inda masu yabonsa suke zato.

Kayan mahaifiyarmu na kai masa, Allah ya jiƙanta, waɗanda 'yan'uwana mata suka amince a narka a yi wa kowacce abin da za ta iya sawa, tunda mu maza ba a halatta mana ado da zinariya ba, kuma mun riga mun karɓi rabonmu a kuɗi. Kafin ya ce uffan game da lada, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ware kayan ɗaya bayan ɗaya, ya goga kowanne a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen da ya fito, ya tsaya yana kallon ko zanen zai zauna ko zai ɓace. Ta haka ya fitar da wata sarƙa da muka tashi muna gani a wuyan Inna kowace Sallah, ya ce tagulla ce aka sa wa ruwan zinariya, ya naɗe ta a takarda ya miƙo mini, ya ce a ajiye ta domin mai ita. Sauran ya raba su gida biyu, masu karat 21 irin waɗanda alhazai ke sayowa a Makka, da masu karat 18, ya bayyana cewa na farko kashi 875 cikin 1000 ne zallar zinariya, na biyu kuma 750, saboda haka haɗa su a wuta zalunci ne ga wadda rabonta ya faɗa a kan na farko. Sikelinsa na lantarki ne, fuskarsa tana kallon mai kaya. Ya rubuta nauyin a takarda biyu, muka sa hannu, ya kuma gargaɗe ni tun da wuri cewa wuta za ta ci dauɗa da tsohon liƙi, don haka nauyin zai ɗan ragu. Bayan narkarwa ya sake aunawa a gabana, raguwar kuwa ba ta wuce abin da ya faɗa ba.

Kayan da suka fito ba su da abin kushewa ta fuskar ƙarfi. Mahaɗin awarwaron ba ya kama mayafi, maƙallin sarƙa yana rufuwa da ƙarfi, kuma babu tabon liƙi da ido zai gani. Sai dai zanensa na da ne, mai kauri, kuma budurwar da ke neman siririyar sarƙar inji irin ta Dubai ba za ta same ta a nan ba.

Ba ya haɗa zinariyar mutum biyu a kaskon narkarwa ɗaya, kuma ba ya yin musanyar da ta zama ruwan dare, inda mace za ta ajiye tsohuwar sarƙa, ta ɗauki sabuwa, ta cika kuɗi, a gama kafin mai trotro ya cika motarsa. Hujjarsa sananniya ce ga duk wanda ya zauna gaban malami: zinariya da zinariya sai daidai da daidai, hannu da hannu, kuma malaman Malikiyya sun hana a ba maƙeri nauyi da lada a karɓi wani ƙerarren abu a madadinsa. Abin da ya halatta shi ne a sayar masa da kaya a karɓi kuɗi nan take, ko a ɗauke shi aiki a kan ainihin zinariyar da aka kawo. Wannan tsantseni shi ne rabin dalilin jinkirinsa. Ɗaya rabin kuwa rashin tsari ne kawai, kuma bai kamata a lulluɓe shi da rigar addini ba. Ya ce in dawo kafin Maulidi, ban ga kayan ba sai da watan ya shige, wayarsa ba a ɗagawa, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta injin gogewa ya tsaya ke nan. Ladan aikinsa ma ya ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya ragi. Mutumin da ke auna hatsin zinariya domin tsoron Allah ya kamata ya san cewa alkawarin rana ma amana ne.

Da na tambaye shi dalilin ƙin ɗanyar zinariya, amsarsa gajera ce. Ya ce, "Alhaji, ruwan da nake alwala da shi daga Barekese yake zuwa, Barekese kuwa Offin ce." Barekese madatsar ruwa ce a kan kogin Offin da ke shayar da Kumasi. Wanda ya bi hanyar Dunkwa ya san abin da yake nufi, domin kogunan Offin, da Pra, da Ankobra, da Birim duk sun koma launin kunun kanwa saboda eskabeta da injin canfan da ke tone gindinsu. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa gurɓatar ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin da aka gina matatar don ta jure 2,000 kacal. Abin da ido ba ya gani ya fi wannan muni. Masu haƙa suna cuɗa garin zinariya da zaiba domin ta kama shi, sannan su ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi hayaƙi ta shiga huhu, sauran ta bi ruwa ta shiga kifi. Irin wannan haƙar ita ce babbar hanyar da ɗan Adam ke sakin zaiba a iska a duniya, kuma saboda ita da makamantanta aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda Ghana ta amince da ita a 2017. Maƙerin bai karanta yarjejeniyar ba, amma ya san hayaƙin, domin ya ce a ƙuruciyarsa ya sha ƙona irin wannan dunƙule a shagon maigidansa. Abin da yake riƙe da shi shi ne ƙa'idar babu cuta babu cutarwa.

Abin da ya fi jan hankalina a shagon shi ne irin mutanen da ƙa'idar take tarawa a benci ɗaya, kowa da dalilinsa. A gabana wata dattijuwa 'yar Asante ta kawo zoben mijinta. Tana kiransa Kramo, wato Musulmi a bakin Asante, yana kiranta Maame, kuma a wurinta kogi abu ne mai rai da ake jin kunyarsa, ƙasa kuwa Asase Yaa ce, wadda kakanninta ba sa huda ta da fartanya ranar Alhamis. Ta ce waɗanda suka sa eskabeta a cikin Offin sun ci mutuncin uwa, shi ya sa Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya tuɓe wasu sarakai a kan galamsey. Dattijon bai yarda da ko kalma ɗaya ta aƙidarta game da kogi ba, kuma na tabbata da an tambaye shi a masallaci zai kira ta da sunan da malamai ke kiranta. Amma bai yi mata wa'azi ba, bai kuma yi kamar ra'ayinsu ɗaya ne ba. Cewa ya yi, "Maame, ke kina ganin uwa, ni ina ganin amana, ruwan dai guda ne muke sha." Yana da abokan ciniki 'yan Katolika, waɗanda cocinsu ya yi tattakin addu'a a Ankara, babban birnin Ghana, a watan Oktoba na 2024 domin nuna ƙin galamsey, da malaman jami'a daga Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, waɗanda ba ruwansu da uwa ko amana, lissafin guba kawai suke yi. Bai nemi su haɗu a kan dalili ba kafin ya haɗu da su a kan aiki, kuma wannan hali ya fi wuyar samu a kan iya ƙira.

Akwai kuma ra'ayin da ba ya zama a bencin, na samarinmu na Zango da ke tafiya daji haƙar zinariya. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa tun 1897 kamfanin Turawa ke kwasar zinariyar Obuasi, kuma wanda ya je garin ya ga abin da aka bar wa mutanensa. Suna cewa mai eskabeta ba ɗan Aboabo ba ne, babban mutum ne mai ɗaurin gindi, amma yaron da ke riƙe da shebur shi ake harbi, kamar yadda sojoji suka kashe aƙalla mutum 7 a mahaƙar Obuasi a watan Janairu na 2025. Suna tambaya, wace sana'a aka ba su da suka ƙi? Dattijon ba ya zaginsu. Na ji ya ce wa wani da ya zo da ɗan ƙulli a leda, "Ɗana, ban ce kai ɓarawo ne ba, Allah ya buɗa maka wata ƙofa, amma wannan ba za ta shiga wutata ba." A nan nake ganin ya yi daidai, domin ya ɗora hukuncin a kan hannunsa, bai ɗora shi a kan wuyan yaron ba. Sai dai gaskiya ce mai ɗaci cewa yaron zai taka 'yan matakai kaɗan ya sami mai saye.

Raunin ƙa'idar a fili yake ga duk mai tunani. Zinariya ba ta riƙe tarihi. Dunƙulen da aka ƙona jiya a bakin Offin, idan wani maƙeri ya mayar da shi zobe yau, gobe ya zama "tsohuwar zinariya" da za ta wuce gwajin dutse da asid lafiya lau. Awarwaron Makka ma ba a san ramin da ya fito ba, tunda zinariyar Afirka da yawa takan bi ta Dubai kafin ta dawo mana a ƙere. Na gaya masa haka, bai musa ba. Ya ce yana duba alamar sawa, da tsufan liƙi, da fuskar mai kaya, yana kuma neman katin Ghana daga wanda bai sani ba saboda kayan sata, abin da ya wuce nan kuwa ba a ɗora masa saninsa ba. Ta fuskar fiƙihu amsar ta tsaya da ƙafarta. Ta fuskar kogi kuwa ba ta canza komai ba, kuma masu zuwa shagon suna fita da jin cewa sun ceci Offin ya kamata su rage murna.

Girman matsalar ya fi ƙarfin kasko ɗaya nesa ba kusa ba. An halatta ƙaramar haƙa ga 'yan ƙasa tun 1989, an kori dubban 'yan Sin masu haƙa a 2013, an dakatar da ƙaramar haƙar baki ɗaya a 2017 aka tura sojoji, aka ɗage dakatarwar a ƙarshen 2018, kuma kogunan ba su washe ba. A 2025 farashin oza ɗaya ya haura dala 4,000, gwamnati ta kafa hukumar GoldBod ta zama ita ce mai sayen zinariyar ƙananan mahaƙa da fitar da ita waje, kuma a watan Agusta na shekarar ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Muhammed, suna cikin mutum 8 da suka rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a hanyarsu ta zuwa Obuasi taro kan wannan batu. Ƙasar da darajar kuɗinta, sidi, ta dogara da zinariya ba za ta daina saye ba don wani dattijo a Aboabo ya ƙi. Abin da ƙa'idarsa take iya yi ƙarami ne amma tabbatacce: ba a ƙona zaiba a cikin lungun da yara ke wasa, yaransa biyu suna koyon sana'ar ba tare da shaƙar hayaƙin ba, kuma shi da kansa yake biyan farashin ra'ayinsa, domin ribar ɗanyar zinariya ta ninka ladan ƙira, ya kuwa bar ta ga wasu.

Wanda ke da kayan gado da za a raba, ko tsohon kaya mai daraja da yake tsoron a yi masa ƙwange, ko matar da ke son sanin ko zinariyarta ta kai nisabin zakka, wato kimanin giram 85 na zallarta, wannan shago ya dace da su, kuma awo da gwaji kaɗai ba ya karɓar ko kwabo a kansu. Mai haɗa lefe da aka riga aka sa wa rana kuwa, ko dai ya kai aikin tun da sauran watanni, ko ya nemi wani wuri. A je da safe kafin azahar, a riƙe takardar nauyi da kyau, a kuma nemi ya rubuta ranar karɓa a jikinta, domin a baki kawai ba ya riƙe ta. Yana karɓar ladan aiki ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma idan saye ne ko sayarwa, ba ya barin kowa ya tashi daga bencin sai kuɗin sun shiga.